Igiyar da ta Mai da Ɗanjuma Yaro

Wataƙila wasu abubuwan sun shige mini, amma ban manta igiyar ba. A makarantarmu ta sakandare a Jega, ranar tsere akan ɗaura igiya, duk wanda ya wuce ƙarƙashinta bai sunkuya ba, ajin ƙanana yake. Ɗanjuma, wani gajere ɗan Aliero, ya wuce sumul, haɓarsa da sabon yankan aska.

Na ce, "Malam, wanga fa ya girme mu!"

Malamin wasanni ya ce, "Igiya munka sani, ba shekaru ba."

A tseren ƙanana, da ƙyar Ɗanjuma ya riga ni. Na ji har yau sunansa ke kan allon gwanaye, kuma ba zan huta ba sai an kankare shi. In na yi kuskure, waɗanda suka ci tuwon sunan ɗansa a wannan zangon su aiko mini da gyara.