Famfon Mai Hoto

Akwai wani mai ɗaukar hoto a wani gari da ke bakin hanyar mota. A gida yake wanke fim ɗinsa, cikin wani ɗan ɗaki da ya toshe tagarsa da bargo, ko da rana tsaka ka shiga ba ka ganin tafin hannunka. Injin wankin kamar tukunya yake mai murfi. A naɗe fim a saka ciki, a zuba ruwan magani har ya shanye kansa, in ya jiƙu a buɗe ɗan famfon da ke ƙasa a zubar. To, wannan famfon ne ya fara ɗiga. Mutumin ya ji shi sarai, don a cikin duhu kunne ne ido. Ɗis. Sai can kuma, ɗis. Ya yanko robar tayar keke ya ɗaure wuyan famfon, ya tura gwangwanin madara ƙarƙashi, ya ce gobe. Matarsa in ta zo shara takan tarar da tururuwa sun mutu sun kewaye gwangwanin, siminti ya yi baƙi. Ta ce, "Maigida, abin nan naka fa yana zuba." Ya ce, "Ɗan wannan? Ai ko ƙishirwar ƙuda ba zai kashe ba."

Ba a jima ba hotuna suka fara fitowa da wani baƙin layi daga sama, siriri kamar an ja kwalli. Da farko rufin ɗaki yake ci da reshen bishiya, ba wanda ya damu. Daga nan ya sauko kan huluna. Wani ango ya karɓi hotonsa ya ce, "Malam, na biya ka hoto ka cinye mini hula?" Aka yi dariya. Da baƙin ya kai goshi, dariya ta ƙare. Mata suka fara cewa akwai mai zama a ɗakin nan, wanda ba ya son a tara fuskokin mutane a gidansa. Shi ma mai hoton maganar ta shige shi. In ya rufe ƙofa sai ya ji kamar ana tsaye a bayansa, ɗigar nan kuma ta koma masa kamar takun wani mai tahowa a hankali, ba ya sauri, ba ya tsayawa. Ya sayo turaren wuta ya turara ɗakin. Ya karɓo rubutu ya yayyafa a kusurwoyi. Famfon dai bai sake taɓa shi ba, gwangwanin kawai ya canza da wanda ya fi girma.

Al'adarsa ce ba ya cire fim daga kyamara sai ya cika. A cikin wanda ke ciki a lokacin akwai hoton wani magini da ya tsaya masa ranar Sallah da sabuwar riga, mutumin da bai taɓa yarda an ɗauke shi ba sai ranar. Kafin fim ya cika, bango ya faɗo wa maginin a wurin aiki. Ya bar mata da tsohon ciki. Ita tana takaba ba ta fita, sai uwarsa ce ta zo, tsohuwa da sanda, ta tsaya a zaure. Ɗan farinta ne, har ya mutu ba ta kama sunansa ba.

Ta ce, "Ɗan nan, an ce yaron nan ya tsaya maka da Sallah. Ka fitar mana. Abin da za a haifa ya san fuskar ubansa."

Ya ce, "Inna, zauna, yau ɗin nan za ki tafi da shi."

Ya shiga, ya yi bisimilla, ya ƙara turare. Ya auna magani daidai kamar kullum, ya zuba, ya tsaya yana jira. A cikin duhun ɗigar ta daina tsinkewa, ta zama zare guda. Yana ji, amma ya ce a ransa ai yanzu za a gama. Da ya buga hotunan ya fito da su haske, sai ga mutanen Sallah jere, riguna fes, takalma fes, ba kai ko ɗaya. Maginin gajere ne, shi ya sa baƙin ya rage masa haɓa da baki. Yana murmushi. Daga hanci zuwa sama, duhu. Fim kuwa sau ɗaya ake wanke shi, abin da magani bai taɓa ba ya tafi ke nan.

Tsohuwar ta kai hoton kusa da fuskarta, ta daɗe. Ta ce, "Hannunsa ne. Ga tabon nan na wuta." Ta sa babban yatsa tana goge baƙin kamar toka ce za ta fita. Sannan ta ɗago ta ce, "Idon fa?"

 Ta naɗe hoton a bakin zanenta ta fita.

Ran nan ya kwance famfon. Wata 'yar roba ce zagayayya a ciki, ba ta fi maɓallin riga ba, ta tsage. Nan ne maganin ke tsiyayewa, ruwan ya ja ƙasa, gefen fim na sama ya zauna a bushe. Ya yanki wata daga tsohon silifa ya sa, kafin kunun da matarsa ta ajiye masa ya huce an gama. Hotuna suka dawo da kawunansu. Amma an ce har ya bar sana'ar, in ya rufe ƙofar ɗakin nan yakan ji ɗis, ya laluba ƙasan famfo ya ji shi a bushe. A gidan maginin kuwa yarinyar da aka haifa ta tashi, in an ce ina babanki, sai ta nuna wani baki mai murmushi a ƙarƙashin duhu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.