Rigar Ankon Da Ke Rataye A Ƙusa

Ke da kike tambayata yaushe za ki fara tsalle-tsalle don tumbin nan ya koma, gyara zama ki ji misalin wata mai ƙunshi.

Haihuwarta ta fari ta zo da gardama, sai da likitoci suka yi mata aiki suka ciro yaron. Da za a sallame ta aka ja mata kunne: ban da daka, ban da ɗaukar abu mai nauyi, ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida kawai, don fatar waje takan riga ta ciki warkewa. Ta ce to, ta koma gidan iyayenta wanka. Ranar suna sai wata dangin mijinta, irin masu bakin nan da ba shi da linzami, ta dubi cikinta a gaban mata ta ce, "Ikon Allah! Maijego, ko dai an manta da wani a ciki ne?" Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi yaƙe, amma maganar ta tsaya mata a rai. Ga bikin ƙanwarta ya matso, ita ce babbar yaya, ita za ta yi wa amarya lalle, tela kuma ya ɗinka mata anko da tsohon awonta. Da ta gwada rigar, ko ƙirji ba ta wuce ba. Tela ya ce a mayar masa ya buɗe ta, akwai sauran yadi. Ta ce sam, jiki ne zai bi riga. Ta rataye ta a ƙusa daidai inda za ta riƙa ganin ta daga kan gado.

Daga nan ta shiga yaƙi da cikinta. Kunun kanwar da uwarta ke dama mata don nono ya kawo, sai ta faki ido ta juye a kwata. Ta tamke ciki da zani har numfashi na yi mata wuya. In gida ya yi shiru ta zagaya bayan ɗaki ta yi ta tsalle da igiyar shanya, tana cije leɓe. Uwar ta kama ta sau ɗaya ta ce, "'Yar nan, wata tara ya yi yana girma, ba rana ɗaya zai koma ba. Ki ji tsoron Allah ki tausaya wa yaron nan." Ta ji, amma da ta ɗaga kai ta ga rigar sai maganar ta bi iska. Rannan ta karɓe guga daga hannun ƙanwarta, wai jan ruwa na rage tumbi. Gugan na kawowa bakin rijiya ta ji wani abu ya ɓalle a ƙasan cibiyarta, ɗumi ya bi ƙafarta. Ɗinkin ne ya buɗe. Ta ɓoye don kunya, tana shafa masa toka da man zafi, har wurin ya ruɓe zazzaɓi ya kayar da ita. Aka sake shiga da ita ɗakin tiyata. Tana kwance a asibiti aka ɗaura aure, wata ce daban ta yi wa ƙanwarta lalle. Nonon da yunwa ta riga ta rage, jinya ta ƙarasa shi ya ƙafe.

Da aka dawo da ita gida ta rame sai ido. Ta karɓi ɗanta ta kai shi ƙirji, ya kau da kai yana tsala ihu, bai yi shiru ba sai da kakarsa ta sa masa bulumboti a baki. Wallahi ban san baƙin cikin da ya kai wannan ba. Ta tashi da ƙyar ta sauko da rigar daga ƙusa ta zura. Ta shige ta tsaf, har da saura. Ta zauna a bakin gado cikin ankon bikin da aka riga aka watse, tana kuka, ɗanta na tsotson roba a hannun wata.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.