Randar da Ke Tsallaken Titi

Tunda kana shirin taimakon masu kwana a waje, zauna ka ji abin da ya faru da wata mai sayar da tukwane. A wata bazara da zafi ya yi tsanani har ƙadangaru suka daina hawa katanga, matar nan ta zaɓi randa mafi sanyi a cikin hajarta, ta girke a ƙofar rumfarta, ta ɗora moɗa a kan murfin. Ta yi hakan ne domin mutanen da ke kwana a gindin katangar wani tsohon sito, tsallaken titi: wani dattijo da ya tsufa a tura kura, wata mata da ambaliya ta cinye gidanta, da wasu da ba ta san labarinsu ba. 'Yan acaɓa suka sha, masu wucewa suka sha, amma waɗanda aka ajiye ruwan dominsu ko leƙowa ba su yi ba. Abin ya tsaya mata a rai. Ta ce ko moɗar ce suke ƙyama, ta sayo sabuwa. Ta ce ko kunyar idonta suke ji, ta koma can cikin rumfa ta juya baya. Shiru. Ta kan zauna tana leƙensu ta tsakanin tukwane, tana tambayar kanta wane irin mutum ne zai ga ruwa a wannan rana ya kau da kai.

Ran nan da azahar ta kasa haƙuri, ta tsallaka. Kafin ta kai tsakiyar titi kwalta ta fara kama mata silifa, zafin ya ratso har tafin ƙafarta. Da ta isa sai ta tarar inuwar katangar ta tsuke, ba ta fi faɗin tabarma ba, mutane sun jeru a cikinta kafaɗa da kafaɗa, yawancinsu ba takalmi. Matar da ambaliya ta kora tana kwance, leɓɓanta sun bushe, jikinta zafi rau amma babu ɗigon gumi, tana kiran sunan wani da ba ya wurin. Mai tukwane ta tambayi dattijon me ya hana su zuwa shan ruwa. Ya ce, "Hajiya, muna ganin randarki. Amma wanda ya tashi ya rasa inuwarsa, ya dawo ya tarar an ɗauke masa ƙunshi. Ga titin kamar garwashi." Ta koma ta cika tulu ta dawo, ta jiƙa mayafinta ta shimfiɗa wa matar a wuya da ƙirji, wani ya kama yi mata fifita da kwali, har ta dawo hayyacinta ta karɓi ruwa kurɓi-kurɓi, sannan aka sa ta a keke zuwa asibiti. Washegari randa ta ƙaura gindin katanga, an binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi, an kafa sanduna an ɗora zana inda dattijon ya nuna rana ta fi duka. Kafin la'asar sai da aka sake cika ta.

To ka ji. Niyyar matar nan ba ta taɓa samun tangarɗa ba, tambaya ce ta makara. Kafin ka ɗauki kayanka, je ka zauna da su ka ji daga bakinsu, ko da ɗakin nasu gindin katanga ne, domin Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.