Tsakin Baba Arzika

Baba Arzika, tun da muka kai ka makwancinka kunnena ya zama maraya. Ganga na tashi, ni kuwa ina tsaye kamar wanda aka aika kasuwa ya manta saƙo.

Ka san karatuna bai yi nisa ba. Kai ne ka kai ni gidan rediyo a Gusau, har aka ba ni filin sharhin kiɗa da wasan kwaikwayo. In ɗauko ka a babur, in zaunar da kai gaba-gaba, in saya maka ɗan abin taɓawa, in kasa kunne. Ba ka cewa uffan, tsaki kawai. In gajere ne, wasa ya yi rauni. In dogo ne mai jan iska, washegari in hau rediyo in yi wa mai wasan wankin babban bargo.

Kuma ba ka tsoron babba. Manyan makaɗan Gusau, masu lasifika, waɗanda hayaƙin tsire da balangu ke rufe filinsu, su ka fi ja wa tsaki. Amma 'yan wasan Rawayya, da ko mai gyaɗa ba ya leƙa wurinsu, gemun audugar jaruminsu ya faɗo ana tsakiyar kuka, ka zauna shiru har aka tashi. Na ce a rediyo Zamfara ba ta taɓa ganin wasa irinsa ba. Mutane suka ce yaron nan yana da zurfi.

Tukur mai kalangu fa? Ranar bikin Tsafe da aka yanka bijimi, tun daga taken farko kake tsaki har aka watse. Na sauke masa kwandon magana. Ya rataye kalangu, yanzu faci yake yi a bakin tasha. Duk da haka ya zo gaisuwarka, ya yi maka addu'a mai tsawo.

To jibi akwai gasar makaɗa a Bungudu, kuma ni ne alƙali. Manaja ya ce in na yi shirme wani za a ba filin. Na gwada tsakin da kaina, sai ya fito kamar ana kiran kaji.

Sai na tafi wurin matarka, Inna Hanatu. Na tarar tana tsince wake a faifai, cikin takabarta.

“Inna, don Allah a ina Baba ya koyi jin kiɗa?”

“Wane kiɗi? Arzika? Mutumin da aka yi guɗar aurenmu ya ce wa ya taka akuya?”

“To tsakin fa?”

Faifan ya kuɓuce mata, wake ya watse. Ta yi dariya har da hawaye, karo na farko tun rasuwarka. Da ta samu numfashi ta jawo kunnena ta faɗa mini.

Ni ma na yi dariya, daga nan dariyar tawa ta koma kuka. A hanyar dawowa na tsaya wurin Tukur, na ce ya ƙara wa tayata iska, alhali a cike take. Na kasa kallon idonsa.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ban gaya wa kowa ba tukuna cewa ba makaɗa kake wa tsaki ba, naman da ya maƙale a kogon haƙorinka kake zuƙowa.