Fursunan da Ya Ƙi Magana

Sau arba'in da ɗaya Si Addi ya mutu a bayan garin Warzazat, kuma ko sau ɗaya ba a nuna fuskarsa ba.

Ya mutu a sansanin Rumawa, ya mutu a na Fir'auna, ya mutu a na 'yan gudun hijira da na 'yan fashin sahara. Duk inda masu shirya fim suka kafa tanti, Addi ya kwanta a gabansa cikin gawarwaki, rana tana gasa masa ƙeya. Maƙwabcinsa Bassu kuwa sau ɗaya tak aka nuno shi yana tari, amma shekara shida ke nan ya hana kowa sakat a shagon shayi. Abin yana ci wa Addi tuwo a ƙwarya. Kwanan nan ko hira ba ya yi, sai ya rafka tagumi yana tsotsar kanumfari, yana jiƙa burodi a shayin da ya huce.

Ran Talata matarsa Tuda, wadda ke dafa wa masu fim abinci har ta tsinci Faransanci, ta shigo da labari. An kafa sabon sansani a bakin kwari, kuma dattijo mai gemu ake nema, wanda fuskarsa za ta cika allo.

"Fursuna ne aka kama, maigida. Za su gana masa azaba ya tona asiri, shi kuwa ya ƙi. Ka buɗe baki kawai, kada ka motsa."

"To, maganar da zan faɗa fa?"

"Babu magana. Ai jaruntar ke nan."

Addi, wanda ganin allura kawai kan sa ya tuna yana da aiki a gida, ya bugi ƙirji ya ce ko yankan rago ne su yi.

Da safe suka tarar da fararen tantuna, da injin wuta, da layi har bakin titi. Tuda ta ja wata doguwar Baturiya gefe suka yi ƙus-ƙus. Matar ta tallabi haɓar Addi, ta juya fuskarsa dama da hagu, ta girgiza kai, ta tsallake layin da shi gaba ɗaya. Addi ya ce a ransa, yau dai an samu mai ido.

A ciki ba a yi ƙwauron kayan aiki ba. Ga kujerar azaba mai kwantawa, ga mugaye biyu da fuska a rufe, ga ƙarafa reras a faranti. Tuda ta raɗa masa cewa kyamarar tana cikin fitilar da ke samansa, ita zai kalla. Aka soka masa wani abu a dasashi, kuncinsa ya yi nauyi kamar ba nasa ba. Kwalliyar kumburi, in ji Tuda.

Suka kama aiki. Suka ja, suka murɗa, wani abu ya ce ƙaras. Hawaye na gaske suka gangaro cikin gemun Addi, amma da ya tuna tarin Bassu sai ya ƙara ƙura wa fitilar ido. Bai tona asirin kowa ba.

Ya fito da auduga a baki yana taku ɗaiɗai, sai ga Bassu can ƙarshen layi sanye da hular Rumawa, matarsa riƙe da hannunsa gam.

"Si Bassu, ka makara," in ji Addi, miyau yana dalala. "Babban matsayin an bayar. Amma shiga, ƙila suna neman mai tari."

Tuda ta ƙyafta wa matar Bassu ido. Sannan ta wuce ƙarƙashin ƙyallen da aka rubuta da Faransanci cewa sansanin likitocin haƙori ne na kyauta, ta ƙulle a gefen mayafinta ruɓaɓɓen haƙorin da ya shekara biyu yana hana gidanta zaman lafiya.