Sulen Azurfan Baba Mai Mikiya Biyu

Oga Simon, dillalin tsofaffin kuɗi a kasuwar Wuse, ya juya sulen azurfan, ya sake juyawa, sai ya fashe da dariya.

"Alhaji, ai wannan ba na tarihi ba ne. Sule biyu aka goge aka manne. Gaba mikiya, baya ma mikiya!"

Gumi ya karyo wa Alhaji Tawfiq, wanda ya kawo sulen. Shekara talatin yana cika baki a ma'aikatarsu cewa mahaifinsa ya bar musu sulen tunawa da 'yancin kai, ko da yake ba a hannunsa ake ajiye shi ba. Amma ba wannan ne ya tsinka masa zuciya ba. Da sulen nan marigayin ya yi musu ƙuri'a, shi da yayansa Yelwa: ɗaya ya tafi jami'a, ɗaya ya zauna gona a Paikon Kore. Yelwa ya zaɓi gefen rubutu, mikiya ta fito.

Idon Tawfiq ya ciko, ya juyo ga Yelwa da ya rako shi, yana tsaye da faso a ƙafa, gyaɗa a hannu.

"Yaya, ashe cutarka Baba ya yi. Digirina, kujerata, motata, duk naka ne. Ka yafe mini!"

Yelwa ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

"Wane Baba? Mutumin da ko allura ba ya gani? Ni na kai wa maƙeri ya manna."

"Kai? Don ni ka yi?"

"Don kai? Yaro, lissafi nake tsoro. Kai ya kamata ka yafe mini."