Mai Sauraron Kifi

Ya ɗago kansa daga ruwa, ya kama gefen kwalekwale, rai a ɓace.

"Kawu, ina za mu jefa koma?" in ji matuƙi, ɗan ƙanwarsa.

"Jefa ta a kaina!"

Shekara arba'in yana nutsewa a tekun Terengganu, a ƙasar Malesiya, yana sauraron kifi. Da kukansu yake gane irinsu da inda suka dosa. Da kunnensa ƙauyen ke cin abinci. Sai ga jirgin masu neman man fetur, wata biyu yana dirka wa ƙasan teku ƙara, dum, dum, ba hutu. Jiya jirgin ya tafi. Yau kuma tsit.

"Tsoho, ka haƙura, kunnen nan ya gama aiki," in ji wani. Aka kwashe da dariya.

Ya ja tsaki, ya sake nutsewa. Ko dai gaskiyarsu ce?

Sai ya ji ƙwal! Cokalin shayi ne ya faɗi cikin kwalekwale, can sama. Har gangarawarsa ya ji.

Kunnensa ƙalau. Tekun ne ba kowa, kifayen sun gudu.

Ya daɗe bai fito ba.